Jan abin da kika gani a hoton bikin nan

Yaya, wai har Inna kika kai wa hoton kina cewa 'yan Jos sun lalace, giya suke sha a walima? Haba dai! Wannan jan abin cikin ƙaton kofi mai hannu Chapman sunansa, kuma a garin nan da wuya ki je biki, na Bahaushe ne ko na Birom, ba ki gan shi a tebur ba.

Ba ma namu ba ne, daga Legas ya hauro. Labarin da aka fi ji shi ne a Ikoyi Club aka fara haɗa shi, kulob ɗin manya da aka kafa a 1938 tun Turawa na nan. Haɗin ba wani asiri: Fanta da Sprite, sai wani jan siraf da ake kira grenadine, lemon tsami, yankakken kokwamba da ƙanƙara.

To amma ba ki yi ƙarya gaba ɗaya ba, inda gizo ke saƙar shi ne bitas. Wata 'yar kwalba ce mai suna Angostura, takardar jikinta ta yi mata girma, wani likitan soja Bajamushe mai suna Siegert ya haɗa shi a Venezuela a 1824 don ciwon ciki, yanzu a Trinidad ake yi, kuma kashi 44.7 cikin ɗari barasa ce, ɗigo biyu uku ake ɗigawa don ɗan ɗacin nan da ƙamshi. Shi ya sa mu nan tun kafin weta ya juya za ki ji an ce "ban da bitas fa". Ko yara sun san wannan. Akwai masu cewa ai ɗigo ne ya ɓace a cikin lemo, ni dai ba malama ba ce, ba na sha kawai.

Wajen sha kuwa, gidajen abincin Rayfield da manyan otal duk suna yi. Ni wallahi na gida ya fi min, in sayo kokwamba ɗanye shar a Farin Gada, in dafa zoɓo mai kauri a madadin siraf ɗin, launin ma ya fi fita.

In za ki zo a Disamba ki taho da rigar sanyi, don mu ko haƙora na kaɗawa sai mun zuba ƙanƙara. Kuma dan Allah ki koma ki wanke ni wajen Inna, tun jiya ba ta ɗaga wayata.