Kafin ka ɗora sifana a kan tenshina

Ɗazu ka tambaye ni ina ƙarƙashin mota, ban samu na amsa maka ba. Ka ce motar nan da ke kwaram-kwaram da safe, tunda noti biyu ne kacal ke riƙe da tenshinarta, me zai hana mu zare tsohuwar, mu zura sabuwa, mu sallami mai ita? Goge hannunka ka zo ka zauna. Tambayar ta yi, amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Ka san dai sarƙar taimin ita ke haɗa karanshaf, sandar ƙasa da fistin ke juyawa, da kamshaf, ta sama mai danna bawul, karanshaf ya juya sau biyu, kamshaf sau ɗaya, don bawul ya buɗe ya rufe daidai lokacin da fistin ke bukata. Sarƙa tana da ɓangaren da ake ja, tana da ɓangaren da ke saki. Tenshina a ɓangaren saki take zama, tana tura wani takalmin roba da muke kira gaid, shi kuma ya danne sarƙar. A cikinta akwai ɗan harshe na ƙarfe da sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya mai turawa, a bayansa, amma sifirin ɗin ba shi ne mai ƙarfin ba. Baƙin mai ne ke shigowa ta wata 'yar kafa ya tura harshen. Da yawansu kuma suna da 'yan haƙora masu kamawa, harshe ya fito gaba ba ya komawa baya, don idan an kashe mota mai ya sauka, sarƙa kada ta yi lakwas.

To ka ga ke nan abin da ke aiki da mai, idan ya yi kuka, mai za ka fara tuhuma. Ƙarar da ke zuwa sakan biyu ko uku da an tayar da inji da sanyi sannan ta ɗauke, cewa take mai ya makara kafin ya iso. Yana iya zama tenshinar ce ke zubar da mai cikin dare. Yana iya zama filta ce mara kyau wadda robar cikinta ba ta riƙe mai. Yana iya zama mai ne ya yi ƙasa, ko ya yi kauri fiye da wanda aka rubuta wa injin, ko datti ya toshe 'yar kafar. Kuma giyar VVT da ke kan kamshaf, mai sauya lokacin buɗe bawul, ita ma haka take kuka da safe idan makullinta ya ci. Na sha ganin an canza tenshina sau biyu, ashe giyar ce. Ɗauki dogon sukudireba, ka kafa bakinsa a murfin taimin, ka sa kunne a marikin, wani ya tayar maka. Ƙarar sarƙa daga ƙasa zuwa tsakiya take, kamar ana jan mari. Ta giyar kuwa a sama take, a bushe.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna maka. Tenshina shaida ce. Kafin ka jefar da tsohuwar, ka tambaye ta abin da ta gani. Dubi yadda harshenta ya fito. Idan ya fito kaɗan ne amma ka danna da babban yatsa ya koma ba gardama, haƙoran kamawa sun cinye, to laifinta ne, sabuwa za ta magance. Idan kuwa ya fito har ƙarshe, ba sauran abin da zai bayar, ita ta yi iyakar ƙoƙarinta, sarƙa ce ta ƙara tsawo. Mutane na cewa sarƙa ta miƙe, kamar roba ce. Ba miƙewa take ba. Fil ɗin da ke kowace gaɓa ne ke cinyewa, kowanne kamar kaurin gashi, ka tara gaɓa fiye da ɗari ka ga abin da zai bayar. Ka sa sabuwar tenshina a irin wannan, ita ma ranar farko za ta fito ƙarshe, bayan wata guda mai mota ya dawo yana harararka. Idan ka jona kwamfuta ta ba ka P0016 ko P0017, wato karanshaf da kamshaf ba sa tafiya a baki ɗaya, sai ka ƙara zargin sarƙar. A nan saiti ake canzawa gaba ɗaya: sarƙa, gaid, tenshina, da giyoyin idan haƙoransu sun yi tsini. Gaid kuma idan ka ga ya ɓalle, kada ka ce ai ga sabo. Ina guntun ya tafi? Yana ƙasa cikin kaskon mai, yana jiran ya toshe rariyar famfo. Dole ka sauke ka tsince.

Injuna ma ba ɗaya ba ne. Na Toyota irin 1ZZ da 2AZ, tenshinar a waje take, ka kwance ba tare da ka taɓa murfin taimin ba, shi ya sa kake ganin abin wasa ne. Volkswagen 2.0 TSI na wajen 2008 zuwa 2012 kuwa tsohon samfurin tenshinarsu ya yi ƙaurin suna, makamin haƙoranta kan saki, sarƙa ta tsallake lokacin tayarwa, har sai da kamfanin ya sake mata fasali. Akwai ɗan toshi a murfin ƙasa da za ka cire ka leƙa ka ga ko tsohon samfuri ne. BMW mai dizal N47 kuma sarƙar a bayan inji take, wajen giyabos. Wannan ba aikin yamma ɗaya ba ne.

Idan ka tabbatar tenshinar ce, kafin ka taɓa noti, juya inji da hannu ta yadda yake juyawa, ka kawo fistin na ɗaya sama, makin fulin karanshaf ya hau lamba 0, makin kamshaf su dace. Ina yaron shago kamarka na raina wannan. Na zare tenshina inda inji ya tsaya kawai. Tana fita na ji ƙas, 'yar ƙara kamar an karya tsinke. Na waiga, maigidana bai ji ba, na yi shiru na ɗaure. Sifirin ɗin bawul ne ya fizgi kamshaf, sarƙa ta haura haƙori ɗaya. Mota ta tashi tana rawa kamar mai zazzaɓi, ba ƙarfi. Maigida bai ce min uffan ba, ya miƙo min sifana, na kwana biyu ina buɗe abin da ba a kawo mu buɗe ba. Kuma na yi arziki. Yawancin injunan yanzu fistin da bawul wuri ɗaya suke rabawa, lokaci ne kawai ya raba su. Da ta ƙara haurawa, da sun gaisa, bawul ya lanƙwashe, sai sauke kan inji. Saboda haka muddin tenshina tana hannunka, ba mai taɓa karanshaf, ba mai tura mota tana cikin giya, batir ma a cire.

Sabuwar tana zuwa a danne, da ɗan fil ko ƙugiya da ke riƙe harshen. Kada ka sake shi a hannu don ka ga yadda yake aiki. Share wurin zamanta, ka duba kafar mai a buɗe take, ka shafa wa sabuwar robarta ɗan mai don kada ta tsage wajen shiga. Gam kuma kada ka lafta, abin da ya tsattsafo ciki shi zai je ya toshe kafar da muke lallaɓawa. Notin ƙanana ne, a 1ZZ ƙarfin ɗaurinsu 9 Nm ne, kuma jikin alminiyam ne, hannunka mai nauyin nan zai cinye zaren. Sai ka saki harshen. Mai fil ka zare fil. Irin na Toyota ɗin nan mai ƙugiya, ka ɗan mayar da karanshaf baya kaɗan har ƙugiyar ta saki, sannan ka kawo gaba, za ka ji harshe ya fito. Nan ne kaɗai na yarda ka juya baya, shi ma don littafin injin ya ce a yi.

Daga nan ka juya da hannu zagaye biyu cur, fulogi a cire don ka ji komai. Ka ji ya cije, tsaya, kada ka sa ƙarfi. Makin giya da na fuli su za su dawo daidai. Gaɓoɓin sarƙa masu launi ba za su dawo kan maki a zagaye biyu ba, kada hankalinka ya tashi, na ranar ɗaurawa ne kawai. Kafin ka tayar, cire fiyus na famfon fetur, ka murza maballi ya juya har fitilar mai ta mutu, tenshina ta cika tukuna.

Wannan motar dai ban yarda da man da ke cikinta ba, na ga sandar awo ta fito baƙi ƙirin kamar kwalta. Jawo kasko ka zuƙe, ka tace ta tsumma mai tsabta, mu ga ko akwai ɓurɓushin roba. Ka taho min da tocila.