Tambayi Likita: Ga magani ina sha, me zan je yi wurin zaman shawara?

Tambaya: Likita, shekara biyu ke nan da aka gano ina ɗauke da HIV a wurin awon ciki. Ina shan magani ba fashi, yarona ma ya fito lafiya. Amma barci ya ƙaurace mini, sai kuka cikin dare. Nas ta ce in riƙa zuwa zaman shawara. Ni fa ba mahaukaciya ba ce. (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: 'Yar uwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya yaron. Ba wanda ya ce kin haukace. Ƙwayar TLD da ake sha sau ɗaya a rana tana danne cutar a jini, amma ba ta ɗauke nauyin da ke kan ƙirji. Idan baƙin ciki, rashin barci da rashin jin daɗin komai suka wuce mako 2 suna hana ki harkokinki, mu likitoci ciwon damuwa muke zargi, kuma yana da magani.

Zaman shawara hira ce da wadda aka horar. Za ku ɗauki damuwa ɗaya, misali yadda za ki gaya wa mahaifiyarki, ku warware ta tare kafin ku taɓa ta gaba. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna irin wannan hira a kan benci a harabar asibiti, damuwar mutane kuma ta ragu sosai. Na taɓa duba wata baiwar Allah da ke juye maganinta a gwangwanin madara, ta tura shi ƙarƙashin gado don kada kishiya ta gani. Duk ranar da ɗakin ya cika da mutane, ba ta sha. Faɗanmu bai canza komai ba. Ranar da ta zauna da wata mai ɗauke da cutar shekara da shekaru, har ta aurar da 'ya'ya, ranar ta fara ɗaga kai. Ki nemi a haɗa ki da irin waɗannan iyayen. Idan kuwa tunanin hallaka kanki ya taɓa zo miki, kada ki jira ranar karɓar magani, ki je asibiti yau.

Tambaya: Ina son shiga taron mata masu irin lalurata, amma ina tsoron a gan ni. Maigida kuma ba ya son yawan fita, ga kuɗin mota. (Daga Maraɗi)

Amsa: Abubuwa ukun da kika lissafa su suka fi tare mata a gida, kuma tsoron tonon asiri shi ne babba. Ban ga laifinki ba. Na yi aiki a wani asibiti inda ɗakin karɓar maganin yake a keɓe, duk wadda ta nufi ƙofar an san abin da ya kai ta. Laifinmu ne mu ma'aikata, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ki roƙi a sa zaman shawararki a ranar da kike karɓar magani, fita ɗaya kuɗin mota ɗaya. Ki fara da zaman ke da mai shawara kaɗai, ko ta waya, kafin ki shiga taro. Idan unguwarku ce matsala, kina iya neman a mayar da katinki wani asibitin. Game da maigida, idan ya san halin da ake ciki, ku zo tare sau ɗaya. Maza da yawa suna sassautowa idan suka ji daga bakin likita cewa wadda gwaji ya nuna cutar ta kwanta a jininta ba ta sa wa mijinta ta hanyar kwanciyar aure. Idan bai sani ba kuma kina tsoron duka ko saki, ki fara gaya wa mai shawara, ku tsara yadda za a yi.

Tambaya: Ƙanwata mai ɗauke da HIV ta ce tawakkali ya ishe ta, ba ta bukatar kowa. Yaya zan yi? (Wani yaya daga Kano)

Amsa: Malam, Allah ya saka da zumunci. Kada ka yi jayayya da imaninta, shi ne ginshiƙinta, neman shawara kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Sau da yawa kunya ce ke ɓuya a bayan wannan magana. Ka nuna mata ba ita kaɗai ba ce: binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Najeriya, mata kuma sun fi maza yawa. Akwai ƙungiyar ASWHAN ta mata masu ɗauke da ita, akwai kuma dokar 2014 da ta haramta nuna musu wariya. Ka ci abinci kwano ɗaya da ita, ka ce za ka raka ta, sannan kada ka gaya wa kowa sai da izininta.

Tambaya: Tun da na fara magani nake munanan mafarkai da jiri. Sammu ne? (Daga Yola)

Amsa: Hajiya, ki duba ko akwai efavirenz, ɗaya daga cikin magungunan HIV, a cikin maganinki, don an san shi da kawo haka, har da damuwa. Kada ki daina sha da kanki. Ki kai kwalbar wurin likitanki, akwai wanda za a canza miki da shi.