Tsohon da ya kai wa Wellington ɗauki a Waterloo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A makaranta an koya mana cewa Wellington na Ingila ne ya karya Napoleon a Waterloo, amma na ji ana ambaton wani tsohon Bajamushe a yaƙin. Wane ne shi, kuma wace rawa ya taka? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gebhard von Blücher kake nufi, ɗan gidan sarauta mai ƙaramin ƙarfi da aka haifa a Rostock a 1742. Yana matashi ya shiga rundunar dawakin Suwidin, sojojin Prussia, wata masarautar Jamusawa ta wancan lokaci, suka kama shi a 1760, sai ya koma ɓangarensu. Mutum ne mai zafin kai. Da aka tsallake shi wajen ƙarin girma ya rubuta wa Sarki Frederick na Prussia takardar ajiye aiki mai zafi, sarki ya sallame shi a 1773. Noma ya koma, bai sake sa kaki ba sai 1787, bayan rasuwar sarkin.

Faransawa sun sha ba shi kashi. A 1806 ya miƙa wuya kusa da Lübeck bayan abinci da harsasai sun ƙare masa. Ya rama a Katzbach da Leipzig a 1813, ya shiga Paris a 1814.

A ganina Blücher ba gwanin tsara yaƙi ba ne, wannan aikin mataimakinsa Gneisenau ne. Abin da yake da shi taurin kai ne da cika alkawari, kuma su ne suka yi amfani a 1815, lokacin yana jagorantar rundunar Prussia. Ranar 16 ga Yuni Napoleon ya lallasa shi a Ligny. Aka harbe dokinsa, dokin ya faɗi ya danne shi, tsoho mai shekara 72. Dogarinsa Nostitz ya lulluɓe shi da kwat don kada a ga lambobinsa, mahayan Faransa suka wuce ta wajen ba su gane shi ba. Gneisenau ya ja rundunar zuwa Wavre, amma bai yarda da Wellington ba, yana ɗari-ɗarin kai masa ɗauki. Blücher, jiki duk ciwo, ya kafe cewa ya riga ya ba da kalmarsa.

Ranar 18 ga wata sojojinsa suka yi ta jan igwa cikin taɓo, suka iso Waterloo da la'asar, suka faɗa wa ƙauyen Plancenoit ta gefen dama na Faransawa. Dole Napoleon ya karkatar da dakarun da ya tanada wa Wellington. Shi ma Wellington don dogaro da zuwansu ya tsaya yaƙi a wurin tun farko, don haka nasarar ta su biyun ce.

Da suka koma Paris ya so tarwatsa gadar Iéna, don sunanta na tuna kashin da Prussia ta sha a 1806, amma gadar ta tsira. Ya rasu a Silesia a 1819.