Ciki ko Waje? Tambayoyinku Kan Ladubban Fikilbol

Tambaya: Malam, barka da aiki. Wata huɗu ke nan da na fara buga wasan nan da Amurkawa ke kira pickleball, mu kuwa a filinmu fikilbol muke cewa. Ranar Asabar muna wasan bibbiyu, abokan karawarmu na da maki 10, muna da 9, sabis kuma, wato bugun da ake fara kowane maki da shi, a hannunsu. Ƙwallo ta wuce ni ta dira a bakin layin baya, na ce waje. Sai abokina ya ce shi a ciki ya gan ta. Na ce to a sake bugawa, suka ƙi, suka ce sun ci wasa. Har yau ban yi wa abokin nan magana ba. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ƙanena, ka yi haƙuri, su ke da gaskiya. Abokin nan naka kuma ka riƙe shi hannu bibbiyu, don irinsa ba su da yawa.

Dokar wasan ta damƙa wa kowane ɓangare hukuncin layukan da ke gefensa, ta kuma ɗora masa sharaɗi mai nauyi: duk ƙwallon da ka yi kokwanto a kanta, ta shiga. Ba a cewa waje sai ka ga tazara ƙarara tsakanin ƙwallo da layi lokacin da ta dira. Ko gefen layin ta lasa, a ciki take. Idan kai ka ce waje, abokinka ya ce ciki, saɓaninku kaɗai ya isa kokwanto, sai a bar wa ɗaya ɓangaren. Sake bugawa da ka nema, wadda a zuciyarka ka ɗauka adalci ce, doka ba ta yarda da ita a nan ba. Ka duba mana: su sun yi bugu mai kyau, kai ba ka gani sosai ba, sai kuma a ce su za su biya kuɗin rashin ganinka?

Ban ce ƙarya ka yi ba. Na yarda idonka waje ya nuna maka. Amma ka ce ƙwallon wuce ka ta yi, wato juyowa ka yi kana cikin gudu, kana kallon layin a gicciye. Wanda yake tsaye yana kallon layi a miƙe ya fi ka gani, ko da ka fi shi kusa. Ga kuma 10 da 9 a ranka. Mutum idan yana son abu, idonsa ma yakan taya shi so. Da ka ga dama, doka ta ba ka hanyar tambayar abokan karawar abin da suka gani, amma fa in sun faɗa dole ka karɓa. 'Yan kallo kam ba a sa su a ciki.

Wannan tsari ya dace da asalin wasan. A 1965 wasu magidanta uku, Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum, suka ƙirƙiro shi a tsibirin Bainbridge na jihar Washinton a Amurka, don iyalansu su sami abin yi. Filin badminton suka ara, shi ya sa har gobe faɗinsa ƙafa 20 ne, tsawonsa 44. Wasa ne na mutanen da za su koma su zauna tare bayan an tashi, kuma har yanzu in ba gasa ake ba, da wuya ka ga alƙali a bakin raga. Kai ne alƙalin kanka, abokin karawarka ya ba ka amanar makinsa.

Akwai wata dattijuwa da na daɗe ina wasa da ita. Wata rana ta tare ƙwallo a sama ta maka ta, ta wuce kowa, ni har na ɗaga hannu ina murna. Sai ta ce a'a, bayan ta buga, nauyin jikinta ya ja ta, yatsan ƙafarta ya taka layin kicin. Kicin shi ne ƙafa 7 ɗin nan da ke kowane gefen raga, inda ba a tarar ƙwallo a sama. Ko bayan ka buga ne jikinka ya kai ka ciki, laifi ne. Mu uku ba wanda ya gani. Sabis ya fita daga hannunmu. Tun daga ranar, in ta ce waje, ban taɓa jin wani ya ɗaga gira ba.

Ka kira abokinka yau. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ka ce masa ranar Asabar kana nan, kuma da shi kake son bugawa.

Tambaya: Malam, shekaruna 58, likita ne ya ce in riƙa motsa jiki. Samarin da muke wasa da su, duk ƙwallo a kaina suke aunawa da ƙarfi, sau biyu tana samuna a ƙirji. Na yi magana, suka ce doka ba ta hana ba.

Amsa: Hajiya, sannu. Doka ba ta hana ba, wannan gaskiya ne: in ƙwallo ta sami jikin mutum kafin ta taɓa ƙasa, wanda ta samu shi ya yi asara. A gasa ma, matsa wa wanda ya fi rauni dabara ce da kowa ya sani, ba a jin haushinta. Amma ku ba kofi kuke nema ba. Mutum huɗu sun zo motsa jiki, ɗaya ta koma abin auno, abokin wasanta kuma yana tsaye riƙe da allon buga ƙwallo kamar mai gadi, wannan ai an ɓata wa mutum biyu yamma.

Abin da ya fi damuna shi ne tazarar. In kowa ya tsaya a layin kicinsa, ƙafa 14 kacal ke tsakaninku, ƙwallon kuma roba ce mai tauri. Ƙirji da sauƙi, ido ne ba shi da madadi. Ki nemi gilashin kare ido, ki riƙa riƙe allonki a gaban ƙirji, kada ya sauka wajen gwiwa. In suka cilla miki ita sama ta bayan kai, kada ki ja da baya-baya, nan ake faɗuwa a karye. Ki juya ki bi ta, ko ki bar wa abokinki.

Ku kuma samari, in kuna karantawa: ƙafa ake auna wa, ita ce ma ta fi wuyar tarewa. In kuskure ya sa ka sami mutum, ɗaga allo ka ba da haƙuri kafin ka ƙirga makinka. Kuma wasa da wanda bai kai ka ba, lokacin koyon ɗan lallausan bugun nan ne da ke faɗawa cikin kicin, wanda yawancinku ba ku iya ba.

Tambaya: Ƙwallonmu kan gangara filin maƙwabta suna tsaka da wasa. In shiga in ɗauko?

Amsa: Kada ka shiga. Ɗaga murya ka ce "ƙwallo!" don su tsaya, kafin wani ya taka ta ya gurɗe, su sake buga makin daga farko, ba wanda ya yi asara. In kuma ta wasu ce ta shigo naku, ɗauke ta da hannu, ka nemi mai ita da ido, ka miƙa masa ita a hankali. Kada ka shure ta ka juya baya.