Ku Tambayi Anti: Hoton amarya da ango, da miyar da babu nama

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni sun taru sosai, na tsinto guda huɗu, biyu kan hoto biyu kan tukunya, tunda kun san ranar biki ina bayan kyamara ne tun safe, in na dawo gida ƙafa a kumbure kuma tukunyar miya ce ke huce min gajiya.

Tambaya: Anti barka da aiki. Wata shida kenan da fara ɗaukar hoton biki, matsalata in amarya ta sa farar riga ko dai fuskarta ta fito baƙi ƙirin, ko kuma rigar ta ƙone fari fat ba a ganin adon jikinta ko kaɗan. Kyamarar ce ko ni ne?

Amsa: Ƙanina kyamararka lafiyarta ƙalau, abinda aka koya mata take yi. Ma'aunin hasken da ke cikinta a kullum ɗauka yake duk abinda ke gabansa in an cakuɗa shi ruwan toka ne, mai dawo da kusan kashi 18 cikin 100 na haske, toh da farar riga ta cika masa ido sai yace haske yayi yawa ya rage, kaga rigar ta koma toka-toka fuskar baiwar Allah kuma ta nutse. Kai kuma ka ji haushi ka ƙara haske sai rigar ta ƙone. Wannan matsalar tsohuwa ce fa, tun shekarun 1950 katin da Kodak ke rabawa masu wanke hoto su daidaita kala da shi hoton farar mace ne a jiki, sai a 1995 suka fito da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban, ko a waya ma sai 2021 Google ya zo da Real Tone, tsarin fito da launin fata daidai, a wayarsa Pixel 6 saboda dai wannan. Don haka kar ka bar wa na'ura hukunci kan fatar mutum.

Ka koma manuwal, wato kai ke saita hasken da kanka, ka ɗauka a RAW, ɗanyen fayil ɗin da kyamara bata gyara ba, ka kunna alamar nan da ke ƙyafta maka inda hoto ya ƙone, ka dinga ƙara haske har rigar ta kusa fara ƙyaftawa sai ka tsaya nan. Fuskar kuma haske zaka kai mata, ka juyar da amarya ta fuskanci taga ko bakin ƙofa, ko wani ya riƙe maka farin kwali daga ƙasa ya dawo mata da haske. In cikin hol ne kar ka harba mata filash a goshi, maiƙon kwalliya zai yi ta sheƙi, ka ɗaga shi ya daki silin in fari ne ya sauko a hankali, saurin shota kuma, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, kar ya fi 1/200 na daƙiƙa sauri don yawancin kyamarori nan ne iyakar da suke tafiya tare da filash.

Abu ɗaya da nake roƙonka, wajen editin kar ka haskaka ta har danginta su kasa gane ta. Raina yana ɓaci in naga an kankare amarya an goge mata duk layin murmushi, bayan shekara 20 'ya'yanta zasu buɗe hoton nan uwarsu suke son gani. Sannan in kyamararka mai ramin memori biyu ce ka sa ta rubuta a duka biyun, ni memori ya taɓa mutuwa min da hotunan rabin yini, har yau ban manta idon uwar amarya ba lokacin da nake faɗa mata. Tun daga ranar bana kwanciya sai hotunan sun shiga wuri biyu.

Tambaya: Anti ni ma mai hoto ce. Ma'auratan da nake ɗauka sai su sandare kamar hoton fasfo, ko murmushin ma na dole. Ya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa ki daina ce musu su yi murmushi, ki basu abin yi. Su taho suna tafiya a hankali suna hira, ko kice ya gyara mata hannun riga, ko ya raɗa mata abinda ya fara faɗa mata ranar da suka haɗu, dariyar zata zo da kanta ke dai yatsanki na kan maɓalli. Ki ja baya da lens 85mm mai jawo nesa kusa su manta da ke, kuma ki sallami 'yan kallo, wallahi rabin sandarewar nan idon ƙawaye da abokai ne. Wanda yake da kunya ki bar shi da kunyarsa kar ki tilasta musu tsayuwar da ba halinsu ba, kallon ƙasa ma hoto ne mai kyau. Ki roƙi minti 15 a awar ƙarshe kafin rana ta faɗi, hasken lokacin taushi gare shi. Ki kula dai da buɗe ƙofar lens sosai kamar f/1.8, don iya ƙanƙantar lambar iya ƙanƙantar wurin da ke fitowa garau, in ɗaya ya ɗan fi ɗaya matsowa sai ki samu idonta garau shi kuma ya dushe, f/4 yafi kwanciyar hankali, hoton dangi kuwa f/5.6 zuwa f/8.

Tambaya: Anti likita ya ce maigidana ya rage nama, na fara gwada miyar kayan lambu zalla irin ta sha da cokali, amma kullum salam take fitowa kamar ruwan zafi da karas. Yara ko kallonta basa yi.

Amsa: Allah ya ƙara masa lafiya ƙanwata. Nasan yadda kike yi ko baki faɗa ba, kin yanka komai kin zuba a ruwa kin rufe. Toh ruwa baya wuce digiri 100 komai wutar da kika ba shi, shi kuwa soyuwar nan mai ruwan ƙasa da ke kawo ƙamshi, wadda wani Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, sai wajen digiri 140 take kankama. Kinga kenan ɗanɗanon kafin a zuba ruwa ake gina shi. Ki sa mai ɗan kaɗan, albasa biyu da ɗan gishiri, wuta ƙasa-ƙasa ki tsaya a kanta minti 20 ko fiye har tayi ja tayi zaƙi, nan ne mutane ke gajiya kuma nan ne miyar take. Sai tafarnuwa da citta minti ɗaya kawai don saurin ƙonewa suke su yi ɗaci, sai tumatirin gwangwani cokali biyu ki soya shi har ya yi duhu ya fara kama gindin tukunya, sannan ki zuba ruwa kaɗan ki kankare abinda ya kama ɗin, kar ki yarda ki bar shi.

Abinda harshen yara ke nema a nama yana da suna, umami, wani masani a Tokyo Kikunae Ikeda ne ya gano shi a 1908 daga ciyawar teku, kuma akwai shi a tumatir da naman kaza da soya sos. Naman kaza dai sunan ne kawai, ba nama ba ne, mashrum ne mai fitowa daga ƙasa, ki soya shi shi kaɗai har ruwansa ya ƙone yayi ja kafin ya shiga. Ni gwajin da yafi min daɗi kwanan nan kabewa da karas na gasa a oven har gefensu ya fara baƙi, na markaɗa da wannan albasar da dankali ɗaya don kauri, aka shanye tas. In zaki markaɗa da zafi kar ki cika bilenda ya wuce rabi, ki cire ɗan murfin tsakiya ki ɗora tsumma, tururi na iya cilla murfin ya ƙona ki.

Daga ƙarshe in kin ɗanɗana kinji kamar akwai abinda babu, kafin ki ƙara gishiri ki matsa lemon tsami bayan kin kashe wuta. Kuma ki dinga canza abu ɗaya a kowane gwaji ki rubuta, in kika canza uku a tare bazaki san wanne ya gyara ba. In naman zai bari gaba ɗaya har da ƙwai da madara ku yi wa likitan maganar bitamin B12, kayan lambu basa bada shi.

Tambaya: Anti waken miyata baya nuna ko awa nawa yayi, kuma kwana nawa zan iya ajiye ta?

Amsa: Ina zargin tumatir kike sawa tun farko, tsami yana hana wake laushi, ki bari ya nuna tukuna sannan tumatir ya shiga. In kuma waken ya daɗe a ajiye shi ma yana taurin kai. Jan waken nan mai siffar ƙoda ki jiƙa shi ki zubar da ruwan, ya tafasa sosai aƙalla minti 10, rabin dahuwarsa yana sa amai da gudawa. Miya kuma kar ta wuce awa 2 a waje, ki raba ta a ƙananan robobi ta huce da wuri, firij kwana 3 zuwa 4, abinda ya wuce haka firiza. Mai dankali gutsi-gutsi ce kawai bata son firiza, in ta narke dankalin fashewa yake yayi gari-gari, ita ki dafa daidai ci.