Waya da Kwamfuta: "Wata Uku Ina Rubutu, Mutum Tara Ke Karantawa"

Yawancin saƙonnin wannan mako daga sababbin shiga harkar rubutu da ɗora bidiyo a intanet suka zo. Zan fara da masu sauƙi, don akwai wata wasiƙa daga Ƙaura Namoda da za mu daɗe a kanta.

Tambaya: Malam, wayata kullum cewa take yi ta cika, ko hoton atamfa ɗaya ba na iya ɗauka in tura wa masu saye. *Daga wata Hajiya a Tsafe.*

Amsa: Hajiya, ba atamfa ce ta cika miki waya ba, bidiyoyin bikin 'ya'yan ƙawaye ne da hotunan barka da Juma'a. Shiga saitin WhatsApp, wajen ma'aji da data, zai jero miki duk abin da ya haura 5MB da wanda aka yi ta turawa hannu-hannu. Ki goge su, sannan ki kashe saukar da bidiyo kai tsaye. In ba ki kashe ba, kafin sallah za ki sake rubuto mini.

Tambaya: Ina ganin kana rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Wace waya ce ke da su? *Daga wani malamin firamare a Bunguɗu.*

Amsa: Wadda ke hannunka, Malam. Sauke Gboard, manhajar allon rubutu ta Google, ka shiga wajen harsuna ka ƙara Hausa. Kuma tunda kai ke koyar da yara, ka riƙa amfani da su. Mai rubuta "baki" alhali "baƙi" yake nufi yana wahalar da mai karatu.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a nan Ƙaura. Wata uku ke nan da na buɗe shafi a Facebook ina rubutu kan fasaha da labaran duniya. Kullum sai na saka abu, wata rana har sau uku. Amma mutum tara ko goma ke danna alamar so, rabinsu ma 'yan ɗakinmu ne. Wallahi gwiwata ta yi sanyi. Wani ya ce in ba shi naira dubu biyar ya ƙara mini mabiya dubu goma, wai in mutane suka ga yawa za su biyo. In ba shi, ko in haƙura da rubutun baki ɗaya?

Amsa: Ƙanena, ko sisi kada ka ba shi. Kuma kada ka daina rubutun. Wannan tambaya na ɓata mini rai ƙwarai, ba don kai ba, sai don yadda masu wannan sana'a ke farautar yara irinku daidai lokacin da zuciyarsu ta yi rauni.

Kwanaki ina zaune a wani shagon cajin waya a Tudun Wada nan Gusau, ina jiran tawa ta ɗan ɗauka, sai wani saurayi ya miƙo mini tasa, gilashinta ya tsage an liƙe da salatif. Murna yake yi, shafinsa ya kai mabiya dubu goma sha biyu. Na ce masa buɗe rubutun jiya. Mutum bakwai suka danna. Na ce to buɗe jerin mabiyan mu gani. Muka yi ta ja da ɗan yatsa: sunaye da rubutun wasu ƙasashe da ko shi ba ya iya karantawa, yawanci babu hoto, masu hoton kuma hoton fure ne ko mota. Babu Sani, babu Hauwa, babu ko mutum ɗaya da zai iya karanta layin Hausa. Ya yi shiru, mai shagon ya ce, "Taron tsintsiya ba shara ke nan." Kuɗin da ya biya, na hayar babur ɗin da yake kabu-kabu da shi ne na kwana biyu.

Abin da mai sayarwar ba zai gaya maka ba shi ne, ba asarar kuɗi kaɗai za ka yi ba, shafin ma za ka gurgunta. Facebook ba ya nuna rubutunka ga duk mai bin ka. Yana lura ne da yadda mutane ke yi da shi: wa ya tsaya ya karanta, wa ya yi sharhi, wa ya tura wa wani. In ya ga ana motsi, ya ƙara yaɗa shi. In ya ga shiru, ya ture shi gefe. To ka ɗauko gawawwaki dubu goma ka jera a shafinka, wa zai yi motsi? Facebook zai fahimci cewa rubutunka ba ya jan kowa, har mutum taran nan naka na gaskiya su daina ganinsa. Ban da haka, sayen mabiya ya saɓa wa ƙa'idar Facebook da ta YouTube duka. Suna share asusun bogi lokaci-lokaci, ka wayi gari dubu goma sun koma ɗari uku, wani lokaci kuma a taƙaita shafin ko a rufe shi.

Mafi muni, da yawan masu sayar da mabiyan za su ce ka ba su lambar sirrinka "don su yi aikin daga ciki". Ranar da ka ba da, shafin ya tashi daga naka. Su canja lambar waya da imel, su shiga tura wa 'yan'uwanka saƙo da sunanka cewa kana asibiti a taimaka da dubu ashirin. Haka zaurukan nan na "bi ni in bi ka". Su ba kuɗi ake biya ba, amma sakamakon ɗaya ne: mutum ya bi ka ne don ka rama masa, ba don yana son abin da kake faɗa ba, kuma har abada ba zai karanta ka ba.

Yanzu mu zo ga ainihin ciwon, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ka ce kana rubutu kan "fasaha da labaran duniya". In ina son in ji abin da ya faru a Amurka ko Faransa, ga BBC Hausa, ga Aminiya, sun riga ka da awa biyar kuma suna da wakilai. Me zai kai ni shafin ɗalibi a Ƙaura in karanta abin da ya kwafo daga wajensu? Amma akwai abin da kake da shi wanda su ba su da shi, wato Ƙaurar kanta. Garinku ne ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau, tun 1929. Ka taɓa zuwa tsohuwar tashar ka ɗauki hoto? Ka taɓa zama da wani dattijo da ya yi dakon gyaɗa ko auduga a wajen, ya ba ka labarin yadda garin yake ranar da jirgi ya iso? Mutanen Ƙaura da ke Legas da Fatakwal da Abuja, su za su yi ta tura wannan rubutu wa junansu, ba ka roƙi kowa ba. In kuma fasahar kake so, rubuta wa sabon ɗalibin da ya zo makarantarku yadda zai yi rajista ta waya ba tare da an cuce shi a shagon kwamfuta ba, da unguwar da sabis ya fi ƙarfi, da nawa ake kama ɗaki. Wanda ka fitar daga wahala sau ɗaya ba ya mantawa da sunanka.

Sai maganar sau uku a rana. Wannan ne ya cinye maka ƙarfi. Babu mai abin faɗa mai ma'ana sau uku kowace rana, ga karatu, ga jarrabawa. Ka zaɓi rana biyu a mako, misali Litinin da Alhamis bayan isha'i, ka tsaya a kansu ko ana ruwa ko ana iska. Sauran kwanakin na tattara bayani ne da gyara. Kuma ka daina leƙa adadin masu dannawa kowane minti biyar kamar mai jiran tuwo ya nuna. Na san kana yi, duk sababbi suna yi. Ka kashe sanarwar Facebook a wayarka. Ni ranar Juma'a kawai nake duba alƙaluman shafina, kuma ba yawan dannawa nake kallo ba. Ina duba wane rubutu aka tura wa wasu, wanne ne ya jawo tambaya. Tambaya ɗaya daga baƙon da ba ka sani ba ta fi dannawa ɗari.

Mutum taran nan kuma da ka raina, ka sake lissafi. Da a zaure ne mutum tara suka shimfiɗa tabarma suna jiran ka buɗe baki, sau biyu a mako, za ka ce ba ka da jama'a? Malamai nawa ne a Zamfara suka fara ba da karatu da almajiran da ba su kai haka ba? Ka san su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya yi sharhi ka amsa masa da cikakkiyar magana, ba ɗan yatsa kawai ba. Ka tambaye su me suke son ka rubuta a gaba. Ka je shafukan marubutan da suka riga ka, ka karanta da kyau, ka ajiye sharhi mai nauyi wanda zai sa wani ya ce wane ne wannan yaron. Amma ban da liƙa adireshin shafinka a ƙarƙashin rubutun mutane kana "don Allah ku bi ni", wannan bara ce. Ban da kuma ɗauko rubutun wani ka cire sunansa ka sa naka. Duniyar masu rubutun Hausa ƙarama ce, kafin la'asar an gane.

Wata uku gero ne ke nuna a cikinsa, dawa ma sai ta wuce haka. Ka yi wa kanka alkawarin rubutu talatin a kan abin da ka sani da idonka, kafin ka yanke hukuncin ci gaba ko bari. A biyu duk mako, wata uku da rabi ke nan. Ba zan yi maka alkawarin suna ko kuɗi ba, wannan na Allah ne. Amma ka ajiye na farko kusa da na talatin ka karanta, za ka ga hannunka ya faɗa. Dubu biyar ɗin kuma ka sayi data da ita, ka hau babur zuwa tashar jirgin. In ka rubuta, turo mini in karanta.

Tambaya: Na buɗe tasha a YouTube ina nuna noman rani a Bakolori. Yaushe za a fara biyana? *Daga wani manomi a Talata Mafara.*

Amsa: Madalla da wannan zaɓi, ka ga irin abin da nake gaya wa na sama. Don ka samu kason kuɗin talla, YouTube na neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Awa 4,000 minti 240,000 ne. In bidiyonka na minti biyar ne, sai an kalle shi daga farko har ƙarshe sau 48,000. Bayan an karɓe ka, in kuɗinka ya kai dala 10 za a aiko maka da wata lamba ta gidan waya don tabbatar da adireshinka, saboda haka ka sa adireshin da wasiƙa za ta iya isa. Ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100. Kada ka saki fartanya tukuna. Kafin kuɗin YouTube su zo, mai yiwuwa dillalin tumatir ko albasa ya riga ya gan ka ya kira, don haka ka sa lambar kasuwancinka a bayanin tashar.

Tambaya: Na yi awa guda ina rubuta dogon labari a Facebook, da na danna turawa sai sabis ya ɗauke, komai ya ɓace. Kuka kawai na yi. Akwai yadda zan dawo da shi? *Daga wata marubuciya a Gummi.*

Amsa: Sannu, 'yar'uwa. In ba ki same shi a ajiyayyun rubutun da ba a tura ba, ya tafi. Amma wa ya ce ki yi girki a bakin titi? Kada ki ƙara rubuta komai mai tsawo kai tsaye a Facebook. Ki rubuta a Google Keep, manhajar ajiye rubutu, yana aiki ko babu data, in sabis ya dawo ya adana miki a asusunki, ko wayar ta faɗa rijiya rubutun na nan. Sai kin gama, kin karanta da babbar murya, sannan ki kwafa ki liƙa. Mu mutanen Zamfara bai kamata a koya mana wannan ba. A Satumban 2021 da aka katse layukan sadarwa a jihar nan, mutane har Funtuwa suke zuwa don kiran waya. Ni a makonnin nan ban fasa rubutu ba ko sau ɗaya, ina tarawa a waya, ranar da na samu fita na tura su gaba ɗaya.

Tambaya: Wani ya kira ni ya ce za a sa ni a zauren marubuta na WhatsApp, in karanto masa lambobi shida da za su shigo mini. *Daga wani matashi a Anka.*

Amsa: Ɓarawo ne. Babu zauren da ake shiga da lambobin nan, makullin asusunka ne. Toshe shi, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin kariya ga asusunka a saitin WhatsApp, yau ɗin nan, kafin ka kwanta.

Tambaya: Bidiyona hoto na fita da kyau amma murya ba ta fita, sai ƙarar janareta da awaki. *Daga wani mai gyaran babur a Gada Biyu, Gusau.*

Amsa: Maigida, awakin sun fi ka kusa da wayar ne. Sayi ƙaramar makirfo ta maƙalawa a wuyan riga, ana samunta a shagunan kayan waya. Ka riƙa ɗauka da sassafe kafin maƙwabta su tada inji, fuskarka na kallon haske, ba bayanka ba.