Kafin ka yaba fentin Ford 1932, shiga ƙarƙashinta

Ka tambaye ni game da motar da ka ga an sa a kasuwa a Amurka: Ford ƙirar 1932, irin wadda suke kira hot rod, an ce da hannu aka haɗa ta, aka ɗora mata injin Chevrolet 350. Kana son sanin ta ina za ka fara in mai saye ya ce ka duba masa ita. To yarona, irin wannan mota ba kamfani ne ya tsaya mata ba. Mutum ɗaya ne ko ƙaramin gareji ya yanke, ya yi walda, ya haɗa kayan motoci daban-daban. Saboda haka aikin wannan mutumin za ka duba, kuma aikinsa a ƙasa yake.

Fara da shasi. Ford ta yi wannan shasin ne don injinta na V8 na farko, mai lita 3.6 da ƙarfin doki 65. Dogayen ƙarafansa buɗaɗɗu ne ta ciki. Injin 350 kuwa lita 5.7 ne, in an ɗan gyara shi yana kai doki 300 ba wahala. In ba a rufe cikin ƙarafan nan da faranti mai kaurin kusan milimita 3 ba, shasin zai riƙa murɗewa duk lokacin da aka taka mai, ƙofofi su daina zama daidai, daga baya ya tsage a wajen kujerun inji. Haska tocila ka bi waldar da ido da yatsa. Walda mai kyau ta narke ta shiga ƙarfen ɓangarorin biyu. Wadda ta taru a sama gudaji-gudaji, ko wadda aka goge da giranda har ta ɓace aka shafe da fenti, kada ka yarda da ita, musamman a wurin da ke riƙe aksul da akwatin sitiyari. Sannan ka ɗauki tef. Daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya inci 106 ne a ƙirar asali. In an canza ba laifi, amma dole hagu da dama su zo ɗaya. Auna kusurwa zuwa kusurwa a gicciye. Bambanci ya wuce milimita 3 zuwa 4, motar a karkace za ta yi tafiya, ta cinye taya.

Gaban motar wuri ne mai haɗari sosai. A yawancin irin waɗannan motoci aksul ɗaya ne miƙaƙƙe da aka lanƙwasa bakinsa don motar ta sauka ƙasa da kamar inci 4. Ɗaga ta da jak, kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi wasa, fil ɗin da tayar ke juyawa a kai ya ci. Aksul ɗin kuma ana so ya ɗan kwanta baya da digiri 5 zuwa 7. In bai kai ba, motar ba za ta riƙe hanya ba, kuma rami ɗaya ya isa ya sa sitiyari ya kama karkarwar da ba ta tsayawa sai an rage gudu sosai. Ga wani gwaji da mutane ke mantawa: ka ƙaddara taya ta fashe, rim ya zauna a kwalta. Duk wani ƙarfe na sitiyari ko na sifirin da ya fi bakin rim sauka, shi zai fara kartar ƙasa, direba kuma ba shi da sauran iko.

Birkin asali na sanda ne, Ford ba ta koma na mai ba sai 1939, don haka duk birkin mai da ka gani wani ne ya sa shi. Nemi masta, wato babbar silindar da ke tura man birki, mai ɗaki biyu, gaba daban baya daban. Galibi a ƙarƙashin daɓen motar ake ɓoye shi, ƙasa da silindar tayoyi, sai man ya riƙa komawa baya, fedal ya yi laushi bayan an ajiye motar. Maganinsa ƙaramin bawul mai riƙe matsi a kan layin: na fam 2 ga birkin diski, na fam 10 ga na ganga.

Injin 350 shi ne mafi sauƙin lamari, kayansa ko'ina akwai. Cire fulogi duka, ka auna matsin kowace silinda. Kada wata ta gaza mafi ƙarfi da fiye da kashi 10 cikin 100. Bar shi yana aiki a tsaye minti 20 kana kallon allurar zafi, domin hancin motar siriri ne, lagireton ƙarami, da yawansu a hanya lafiya lau suke, a cunkoso sai su tafasa. In ta yi rawa a wani gudu na musamman, duba furofela: kwanciyar inji da giya, wadda yawanci kusan digiri 3 ce, dole ta yi daidai da ɗagowar hancin aksul na baya.

Sai bodi, inda kuɗin yake. Akwai ƙarfen Ford na asali, akwai sabon ƙarfe da kamfanoni irin su Brookville ke bugawa, akwai na faiba, kuma farashinsu ba ya kusa da juna. Naɗe mayen ƙarfe a ƙyalle ka bi jikin. Inda ya ƙi kamawa gaba ɗaya faiba ce. Inda ya kama da rauni, fila aka cika, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi kafin fenti. In an yanke rufin an rage masa tsawo, a ginshiƙan gilashi da bayan rufin za ka fi samunta.

Lambar motar Ford ta buga ta a saman ƙarfen shasi na hagu, da tauraro a farko da ƙarshe, ta V8 tana farawa da 18. Gwada ta da takarda harafi da harafi. In shasin sabo ne amma takarda na cewa 1932, tambayi mai ita wace lamba hukumar jiharsa ta ba motar da kuma inda aka manna ta. Bai nuna maka ba, ka gaya wa mai saye kada ya biya ko kwabo tukuna.